Kafin Mu Kafa Wa Malamanmu Kyamara, Mu Bar Su Su Shiga Ajin Juna



Akwai wata shawara da ke ta yawo a tsakaninmu tun ƙarshen zangon da ya wuce, kuma mun ga alamar tana neman zama doka ba tare da an zauna an tattauna ta ba. Shawarar ita ce a kafa kyamara a kowane aji na makarantun al'ummarmu, a haɗa ta da wayar mai makaranta da ta shugaban kwamiti, sannan a ba 'yan kwamiti damar faɗawa aji duk lokacin da suka ga dama, ba sallama ba sanarwa. Malamin da aka gani yana zaune, ko yana taɓa waya, ko ajinsa na hayaniya, a zaftare masa albashi. Masu wannan ra'ayi sun ce da haka ne malamai za su shiga taitayinsu, karatu ya gyaru.

Mu a ƙungiyance ba mu yarda ba, kuma za mu faɗi dalilinmu a fili, tunda a fili ake tallata shawarar.

Ba mu ce iyaye ba su da gaskiya a fushinsu ba. Mutumin da ya kwana a Mile 12 yana sauke buhunan albasa, ko wanda ke fita tun kafin asuba zuwa mayanka ta Oko-Oba, ko mai tura baro a Alaba Rago, idan ya ƙulle kuɗin makaranta ya kai, sannan bayan shekara huɗu ya miƙa wa ɗansa takardar asibiti yaron ya kasa karanta masa, dole ransa ya ɓaci. Muna ganin wannan a Agege, muna ganinsa a Idi-Araba, kuma 'yan uwanmu na Sabo a Ibadan da Shagamu suna ba mu labari iri ɗaya. Ga kuma malaman da ke ajiye alli a tsakiyar zango: wannan ya koma sana'ar POS, wancan ya karɓi Keke Napep, wata ta yi aure ba ta dawo ba. Aji ɗaya sai ya canza malami uku kafin shekara ta ƙare. Ciwon na nan, babu mai musu. Maganin da ake so a ɗura mana ne muke ja da shi.

Me kyamara ke gani? Tana ganin malam a tsaye ko a zaune. Tana ganin ko akwai rubutu a allo. Tana ganin yara sun yi tsit. To, ɗauki yaro ɗan aji uku. An ba shi 52 a cire 17, ya rubuta 45. An ba shi 60 a cire 24, ya rubuta 44. Malaminsa ya ja masa jan biro, ya ce ba ya mai da hankali, gobe ma haka, jibi ma haka. Alhali yaron nan hankalinsa na wurin, doka ce ya ƙirƙira wa kansa: a kowane layi yana cire ƙaramar lamba daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. Bakwai a cire biyu, biyar. Biyar a cire ɗaya, huɗu. Ga 45 ɗinsa. Kuma da wuya a ce shi kaɗai ne a ajin ke yin haka. Malamin da ke gaban allo da yara hamsin ba lallai ya gano ba, domin idonsa na kan lokaci da hayaniya da abin da zai faɗa gaba. Alhajin da ke kallon waya daga shagonsa kuwa zai ga aji shiru, malam a tsaye, ya ce madalla, kuɗina bai tafi a banza ba. Wanda zai gano wannan cuta cikin minti goma shi ne wani malamin lissafi da ya zauna a bencin baya, ba abin da ke gabansa sai leƙa littattafan yara.

Ko a ƙasashen da suka fi mu kuɗi da kayan aiki, an gwada auna malami ta hoton bidiyo. Tsakanin 2009 da 2013 gidauniyar Bill Gates ta ɗauki nauyin wani babban bincike a Amurka da ya shafi malamai kusan 3,000. An ɗauki darussansu a bidiyo, aka ba mutanen da aka horar musamman su ba da maki. Abin da aka gano shi ne, darasi ɗaya da mutum ɗaya ya kalla bai isa a yanke wa malami hukunci ba; sai an kalli darussa da yawa, kuma mai kallon ya wuce mutum ɗaya. Waɗannan fa horarru ne, aikinsu ke nan. Mu kuma muna so mu ɗora albashin bawan Allah a kan minti uku da ɗan kasuwa ya leƙa waya tsakanin ciniki da ciniki.

Batun faɗawa aji kuma ya fi na kyamarar muni. Malami ba shi da jarin da ya wuce kwarjininsa a idon yara. Ranar da wani ya banko ƙofa, ya karɓi littafin shirin darasi daga hannunsa, ya ce "Malam, wannan wane irin shirme ne?" a gaban 'yan shekara tara, ranar ya karya jarin. Mai faɗan zai tafi cikin minti biyar, shi kuwa malam da yaran nan zai ci gaba da zama har ƙarshen shekara, kuma sun riga sun ga yadda ake yi masa. Daga baya a zo ana cewa ba ya iya riƙe aji. Wa ya ƙwace masa ajin?

Mun ga yadda gwamnatoci suka bi wannan hanya ta tsoratarwa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sabbi 25,000. Har yau ana muhawara a kan wannan mataki, kuma ba za mu warware ta a nan ba. Abin lura gare mu shi ne, gwamnati ce, tana da baitulmali, idan ta buga tallar aiki dubban mutane za su yi layi. Mu da ke nan Kurmi, idan malamin lissafi ɗaya ya tafi, sai mu yi wata biyu muna cigiya a masallatai kafin a samu wanda zai karɓi abin da muke biya. Wanda ba shi da malamin canji bai kamata ya koyi salon mai korar dubbai ba. Abin da ya rage mana shi ne mu inganta waɗanda ke hannu, mu kuma sa su ji suna son zama.

Ingila ma, wadda daga wurinta muka gaji tsarin sufeton makaranta, ta fara ja da baya. Hukumar da ke duba makarantunsu, Ofsted, an kafa ta a 1992, kuma tun 2014 ta daina ba wa darasin malami ɗaya maki a lokacin ziyara. A watan Janairun 2023 wata shugabar makarantar firamare a garin Reading, Ruth Perry, ta kashe kanta tana jiran fitowar rahoton da ya sauko da makarantarta daga mataki na sama zuwa na ƙasa. Jami'ar da ta binciki mutuwar ta ce ziyarar masu duban na cikin abin da ya jawo. A watan Satumban 2024 gwamnatinsu ta soke tsarin yi wa makaranta hukunci da kalma ɗaya. Su da suka ƙirƙiro abin suna rage masa kaifi, mu kuma yanzu muke neman wasa wuƙar.

Wani zai ce ai akwai masu duba makarantu na gwamnati, su ne gwanaye, a bar musu. Suna nan, kuma aikinsu na da amfani. Amma ƙidayar da aka yi a Legas a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ta samu makarantu masu zaman kansu sama da 12,000, kuma kowa ya san ba raguwa suka yi ba tun lokacin. Ko sufeto ba ya barci, sau nawa zai zo ajin malamarmu ta aji biyu? Idan ya zo ma, rajista zai duba, da takardun izini, da banɗaki, da katanga. Ba zai zauna ya ga dalilin da ya sa Hauwa'u ta kasa bambance "b" da "d" ba.

Yanzu ga abin da muke ganin an kasa fahimta game da sanyin gwiwar malamai. Duba duk sana'ar da mutanenmu ke yi a garin nan. Mahauci ya koyi fiɗa ne yana kallon hannun wani, kuma ko ya shekara ashirin, a gaban 'yan uwansa yake aiki; idan ya yi yanka mai kyau akwai wanda ya san darajar abin da zai ce masa sannu. Direban tirela ya fara ne a matsayin yaron mota. Tela, makanike, ɗan canji, dillalin shanu, kowa yana aiki ne a idon abokan sana'arsa, yana ɗauka yana bayarwa. Malamin makaranta kaɗai ne ake tura shi ɗaki da yara, a ja ƙofa, a bar shi shekara da shekaru. Idan ya gano dabarar da ta sa yara goma suka fara karatu a wata ɗaya, babu wanda ya gani. Idan yana maimaita kuskure ɗaya tun ranar da ya fara, babu wanda ya gaya masa. Babban mutum ba ya shiga ajinsa sai in laifi ake nema. Mutum ya yi shekara biyar bai taɓa jin wanda ya san aikin ya ce masa "yadda ka ɓullo wa tambayar yarinyar can ya burge ni" ba, yaya gwiwarsa ba za ta yi sanyi ba? Yabon iyaye na da daɗi, amma yabon wanda ya san wahalar abin daban yake.

Mun san amsar da wasu malamai za su ba mu, domin sun sha faɗa mana: ƙwarin gwiwa a aljihu yake, a gyara albashi a bar dogon Turanci. Wallahi suna da gaskiya, kuma a nan za mu juyo kan masu makarantu. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, Jihar Legas kuma ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta. Dokar ta ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ta wannan ƙofa yawancin makarantunmu suke sulalewa. Kowa a cikinmu ya san akwai malaman da abin da suke karɓa bai kama ƙafar wannan adadi ba, ya kuma san makarantun da ba sa biyan watan Agusta da sunan wai ana hutu, kamar cikin malam ma yana tafiya hutu, ko mai gidan haya yana yafe wata. Doka ta ƙyale ku, amma mu ba mu ga ta inda mai kuɗin sayen kyamara takwas da na'urar ajiyar hoto da batir da sola zai ce ba shi da kuɗin watan Agusta ba. Duk mai makarantar da ya ɗauki wannan rubutu ya ce to shi ke nan, malamai su riƙa kallon juna a maimakon ƙarin albashi, ya karanta mu a karkace. Abin da muke cewa shi ne, ko an gyara albashin, kaɗaicin nan na aji zai ci gaba da cin malami, kuma shi maganinsa ba ya buƙatar ko sisi.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne. A Japan sun fi shekara 100 suna yin sa. Malaman makaranta ɗaya za su zauna su tsara darasi guda tare, su yi hasashen inda yara za su tuntuɓe. Ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe da takarda, idonsu a kan yara: wa ya gane, wa ya ɓace, a daidai wace tambaya. Bayan an tashi su zauna, wanda ya koyar shi ke fara magana, sannan sauran su kawo abin da suka gani. Tunda tare aka tsara darasin, idan ya faɗi, na kowa ne ya faɗi. Duniya ta farga da wannan tsari sosai bayan 1999, lokacin da wasu masana biyu na Amurka, James Stigler da James Hiebert, suka wallafa littafi suna kwatanta yadda ake koyar da lissafi a Japan da Jamus da Amurka. Kuma ya iso Nijeriya tuntuni. A 2006 aka fara shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare, da tallafin hukumar JICA ta Japan, aka soma da jihohin Kaduna da Neja da Filato, daga baya Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta zama wurin horarwar. Ginshiƙinsa matakai huɗu ne: ka shirya, ka koyar, a duba, a gyara. Akwai yiwuwar a cikin malamanmu da suka zo daga Arewa akwai wanda ya taɓa halartar irin wannan horo, yana zaune da iliminsa babu wanda ya tambaye shi.

Ba ma sai mun je Japan ba. Duk mai NCE ya tsaya a gaban abokan karatunsa a kwaleji ya koyar da ɗan gajeren darasi, suka yi masa gyara, shi ma ya yi musu. Ya fita koyarwar gwaji, an zauna a bayan ajinsa. Sai da ya karɓi takardar shaida aka ce masa daga yau ka gama koyo, shiga ka rufe ƙofa. Wanda kuma ya yi nisa a karatun allo ya san darasu: gardi ya rubuta allonsa, ya kawo gaban alarammomi, a bi shi harafi harafi, wasali wasali, a gyara kafin ya haddace kuskure. A sallar dare ta azumi, liman mahaddaci ne, amma akwai na bayansa da ke jiran ya yi tuntuɓe ya ɗora shi. Ba mu taɓa jin an ce liman ya zubar da girma don an gyara masa ba. To me ya sa malamin aji huɗu zai ga kamar an ci mutuncinsa don abokin aikinsa ya zauna a ajinsa? Saboda mun saba masa da cewa duk wanda ya shigo da biro da takarda, sharri ya kawo.

A makarantunmu na nan Kudu akwai wani dalilin da ya sa wannan tsari ya fi zama dole a kanmu fiye da 'yan uwanmu na Kano ko Sakkwato. Yaronmu yana jin Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turancin buroka a kasuwa, Turancin littafi a aji, Larabci da yamma a Islamiyya. Tun 2018 kuma dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, har da masu zaman kansu. Malamanmu ma gauraye suke: ga Bayarabiya da ta shekara goma tana koyar da ƙananan yara, ga saurayi da ya zo daga Zariya da sabuwar takarda, ga ustazu da ke karɓar yaran nan dai da la'asar. Kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ke nema. Malama Bayarabiya tana ganin yaro yana rubuta "f" a inda ake son "p", tana ɗauka sakaci ne, wataƙila har da bulala. Malamin Hausa zai gaya mata cikin daƙiƙa ɗaya cewa harshen yaron bai raba waɗannan sautuka biyu ba, sai an koya masa da leɓe da madubi. Shi kuma yana fama da 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa da ke ajinsa suna musanya kalmar namiji da ta mace a Turanci, bai san cewa Yarbanci kalma ɗaya yake amfani da ita ga "shi" da "ita" ba. Yaron da aka kawo daga makarantar allo ya buɗe littafi ta baya ya fara rubutu daga dama, malamin boko ya ce wannan ba ya ja, ustazu kuwa ya san yaron ya riga ya iya riƙe alƙalami da haddar shafi guda, juya masa hannu kawai ake buƙata. Waɗannan mutane uku suna gaisawa kullum a bakin ƙofa, amma ba wanda ya taɓa ganin ɗan uwansa yana aiki. Wace kyamara ce za ta haɗa su?

Yadda muke so a yi shi ba wuya. Malami shi zai zaɓi wanda zai shigo masa, shi kuma zai faɗi abin da yake so a duba: "'Yan bencin baya ba sa amsa mini, zo ka ga me ke faruwa," ko "Ina jin kamar ni kaɗai nake magana, ƙirga mini sau nawa yara suka buɗe baki." Mai kallo ya zauna a baya, ba ya katse darasi, ba ya gyara wa malam a gaban yara ko da ya ga kuskure ƙarara, kuma abin da yara suka yi yake rubutawa. A ranar, kafin abin ya huce, su sami minti goma sha biyar su biyu. Mako mai zuwa a juya, mai kallo ya zama wanda ake kallo. Sau biyu ko uku a zango ya isa a fara.

Sharaɗi ɗaya ne idan aka karya shi komai ya rushe: takardar da mai kallo ya rubuta ta malamin da aka kalla ce. Ba ta zuwa ofishin hedimasta, ba ta zuwa wurin mai makaranta, ba ta zuwa kwamiti, mu ma a ƙungiya ba ma son ganinta. Ranar da aka yanke wa wani naira ɗaya, ko aka ba shi takardar tuhuma saboda abin da abokinsa ya gani, ranar kowane malami zai koma yin wasan kwaikwayo idan an shigo masa, ya ɗauko darasin da yara suka riga suka iya ya maimaita, kowa ya tafa, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Mun san halinmu da kai rahoto. Akwai mai makarantar da zai ja malami gefe ya ce "kai da ka shiga ajin wane, yaya ka gani?" Malam, amsar ita ce: "Alhaji, tsakanina da shi ne." Mu kuma za mu tsaya maka a kan wannan amsa.

Ana kawo mana uzurin cewa babu lokaci, wa zai riƙe ajin mai kallo? Hedimasta. Minti talatin da biyar ne ko arba'in, kuma babu hedimastan da zai rasa amfanin komawa gaban allo sau ɗaya a mako. Wasu sun manta nauyin alli. Hasali ma shi ya kamata ya fara buɗe ajinsa a kalle shi, domin matsalar girma ta fi ta lokaci. A al'adarmu yaro ba ya gyara wa babba, kuma malamin da ya shekara ashirin ba zai so ɗan bana-bakwai ya zauna masa da biro ba. Shi ya sa muke cewa manya su fara miƙa wuya, ƙanana su shiga da niyyar ɗaukar darasi, sannan a juya. Idan malama ta fi sakewa da 'yar uwarta mace, a bar ta ta zaɓa. Ba a nan rigimar take ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kanmu ita ce ta masu cewa idan malaman duka raunana ne, makaho ne zai ja makaho. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Malamin da bai iya raba lamba da lamba ba, kallon abokinsa ba zai koya masa ba, karatu yake buƙata, kuma ba mu ce wannan tsari zai maye gurbin horo ko takardar shaida ba. Amma ba mu taɓa shiga makarantar da malamanta duka rauninsu ɗaya ba. Wannan ya iya lissafi bai iya riƙe yara ba, waccan aji na mutuwar sonta amma Turancinta na rawa. Su Japanawan ma sukan gayyato masani daga waje ya zauna a tattaunawar ya yi jawabin ƙarshe. Muna da irinsu a cikinmu: tsofaffin malamai da suka yi ritaya, da 'ya'yanmu da ke koyarwa a kwalejoji da jami'o'in garin nan, waɗanda ba ma tunawa da su sai ranar rabon kyaututtuka idan ana neman mai jawabi. A gayyace su sau ɗaya a zango, da sharaɗin su ma ba rahoto za su kai ba.

Malamin da ba ya zuwa aiki, ko mai dukan yara kamar jakai, ko wanda ake zargi da abin da ya fi haka, wannan ba batun kallon juna ba ne. Aikin hedimasta ne da rajistar zuwa aiki da kwamiti, wani lokaci ma da hukuma, kuma ba mu nemi a sassauta ko kaɗan ba. Kyamara a bakin ƙofar makaranta da farfajiya saboda tsaron yara, wannan ma muna goyon baya, kowa ya san zamanin da muke ciki. Abin da muka ƙi shi ne a hukunta malamai goma masu ƙoƙari saboda mutum ɗaya da kowa ya san sunansa amma ake jin nauyin tunkararsa don ɗan uwan wani ne.

Ga abin da za mu gabatar a taron ƙarshen wata. A dakatar da batun kyamarar aji da shigar ba-zata na tsawon zango ɗaya. Makarantu biyu da suka yarda da kansu su gwada shiga ajin juna a wannan zango, hedimastocinsu su fara. A ƙarshensa malaman su zo da bakinsu su gaya wa iyaye abin da suka gani, mu kuma ƙirga malamai nawa suka fara zangon da nawa suka kai ƙarshensa. Muna roƙon malamai, maza da mata, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba, su halarta, domin an daɗe ana yanke hukunci a kansu ba sa wurin. Za a tanadi mai fassara. Masu makarantu kuma muna roƙon kowa ya zo da takardu biyu: takardar farashin kyamarar da aka kawo masa, da takardar albashin malamansa ta watan Agustan da ya wuce. Za mu ajiye su gefe da gefe a kan tebur kafin a kaɗa ƙuri'a.

Sakatare